Takobin da Ya Sha Ruwan Batir

Da maƙerin ya zare takobinsa a fadar Magarya, rabi kawai ya biyo hannunsa, rabi ya zauna cikin kube. 

Wata guda ya yi yana ƙera shi da ƙarfen tsohuwar kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, domin yau sarki zai duba aikin 'ya'yan marigayi Sarkin Maƙera su biyu, shi da ƙanensa, ya naɗa ɗaya. Takobin ko karan gero bai taɓa sara ba. To me ya ci shi?

Sai ya tuna kwalbar da ƙanensa ya kawo masa daga garejin kumandan, shugaban gwamnati na yankin, inda ƙanen yake aiki.

"Yaya, ruwan batir ne. Jiƙa shi ya kwana, zai yi ƙyalli kamar madubi. Ni ma haka zan yi wa nawa."

Ya kuwa yi ƙyallin. Ashe ƙarfe mai tauri in ya sha ruwan nan, ta ciki yake tsagewa a hankali, ido bai gani.

Sarki ya dubi ƙanen ya ce, "Saura kai."

Ƙanen ya zare nasa, bai ko kalli yayansa ba. Baƙi ƙirin yake, yadda ya fito daga wuta.