Sanyi a Kwambin Bature

Da hantsi sojoji huɗu suka turo kwambin cikin garajin Nomau, babbansu Ajidan Lawali na biye da su yana share gumi. Tsohuwar mota ce mai lambar ƙasar waje, irin waɗanda Turawa ke ƙetaro hamada da su zuwa Agadas.

"Kilima za ka sa mata, na'urar sanyi," in ji Ajidan. "Jibi da safe mai ita zai tafi Yamai, kuma ba ya jure zafi."

Nomau ya so ya yi dariya, amma a zamanin soja dariya ma sai da izini. Kwambi ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya moter ɗinta, wato injin, ga shi ba ƙarfin kirki. Motar da ke hawan tudu da nishi kamar tsohuwar jaka, ita za a ɗora wa kwamfaresa a tsakiyar bazara? Takaici ya cika shi. Shekara biyu sama ta ƙi zubarwa, dabbobi sun ƙare, a zangon 'yan gudun yunwa wanda ya cika da safe kafin azahar an rufe shi, ga wani ɗan gata ana tayar da gari don kada ya yi gumi.

Ya buɗe baki zai ce ba ta yiwuwa, sai ya tuna Salamatou. Wata uku ke nan matarsa na kwance da kumburin ciki. Lokotoron asibiti ya ce sai Yamai za a iya yi mata aiki, ya kuma ce in aka ɗora ta bisa kamiyo, babbar motar kaya, cikin wannan rana ko garin Tawa ba za ta kai ba.

"Mon ajidan, zan yi. Ba na son lada. Wurin mutum ɗaya nake roƙo, iyalina ba lafiya."

"In ta yi sanyi, kuma da wuri, wa zai hana?"

Nomau ya ɗauki wannan a matsayin alkawari. Mai neman mafita ko inuwar igiya ya gani kamawa yake yi.

Ya ciro kwamfaresa daga wata matacciyar fijo, ya ƙera masa mazauni a gefen moter, ya huda murfin baya don iska ta samu hanya. Ajidan ya aiko a cire kujerun baya duka, don mai motar a kwance zai yi tafiya, a kuma karkata sanyin can, a shafe gilasai da farin fenti. Nomau ya ji daɗin haka, ya ce ashe Salamatou ma za ta samu wurin miƙe ƙafa.

Maƙwabcinsa Garba maƙerin fari ya leƙo aron dalma, ya ce shi ma sojoji sun ba shi aiki, bai faɗi ko na mene ne ba. Da yamma Nomau ya zaga kasuwa neman ƙanƙarar da zai ɗora wa Salamatou a goshi, aka ce sojoji sun kwashe ta kaf. Ya yi tsaki, ya jiƙa mata tsumma.

Kashegari ya gwada motar a hanyar Cirozerin da buhunan yashi. Nauyin mutum uku, tana tafiya. Ya ƙara na huɗu, moter ta fara warin ƙonannen mai. Ya faɗa wa Ajidan gaskiya, don ba ya son a tsaya da matarsa a dajin da ba ruwa.

"Mutum uku, mon ajidan. Aka ƙara ko ɗaya, kan hanya za ta mutu."

A ransa ya riga ya jera su: shofer mai tuƙi, Bature mai motar, Salamatou. Shi zai bi su bisa kamiyo, ai fatarsa ta saba.

Ranar tafiya ya kawo ta a amalanken jaki har ƙofar sansanin soja, da ɗan ƙullin kayanta. Kwambin na tsaye tana gurnani, an riga an shigar da mai ita. Gaba kuwa shofer ne, da wani soja rungume da bindiga.

"Doka ce, sai da ɗan rakiya," in ji Ajidan, bai ko dubi amalanken ba. "Kai da bakinka ka ce uku. Mai motar ma nauyi gare shi."

Baki shi ke yanka wuya. Nomau ya waiwaya. Ya ga Salamatou ta ɗaga kai da ƙyar tana kallon motar, leɓɓanta sun tsage. Bai taɓa durƙusa wa soja ba, ranar ya durƙusa.

"Don Allah bar ni in roƙi mai motar da kaina. Ai mutum ne, yana da zuciya. In ya gan ta ba zai ƙi ba."

Ajidan ya dube shi jim, ya ɗaga kafaɗa, ya ja ƙofar gefe.

"To, roƙe shi."

Sanyi ya daki fuskar Nomau, sanyin da bai taɓa haɗa mai kyau irinsa ba. Ya cire hula, ya rusuna, ya yi gaisuwa da ɗan Faransancin da ya iya. Ba a amsa ba.

Mai motar na kwance cikin dogon akwatin da Garba ya liƙe da dalma, yau kwanansa biyar da mutuwa.