'Yan Aike Masu Kara

Gyara zama ka ji, tunda ka ce manhajarka ta nuna, ba ta bukatar gwaji. Ko ruwa ba ka ba ni ba, amma zan ba ka misali, don alherina ya daɗe da fin ƙarfin rowar mutane.

An yi wani mai rubuta manhaja, Bakano, gwani ne kuma ya san gwani ne, in an manta ma shi yake tunatarwa. Direbobin wata tasha suka ba shi aikin manhajar da fasinja zai kama kujera daga wayarsa, a huta da turmutsutsun jajiberin Sallah. Ya bugi ƙirji a gaban shugaban tasha, ya ce in ta yi tuntuɓe ranar, a daina ce masa Injiniya, a ba shi aikin kamasho yana kiran fasinja. Direbobi suka ce sun shaida. A cikin manhajar ya zuba 'yan aike, ba mutane ba, ƙananan ma'aikata na cikin kwamfuta, suna zaune a benci ɗaya kamar 'yan dako a bakin kasuwa. Bukata ta shigo, wanda ba ya komai ya zabura ya ɗauka, in ya gama ya dawo benci. Kowane aiki sai da abu biyu: a riƙe kujerar, a buga mata hatimi, hatimin kuwa ɗaya ne tak. Mai kama kujera, ita yake fara riƙewa. Mai soke ta wanda ya fasa tafiya, hatimi yake fara ɗauka. Abin da ya fi sa shi alfahari shi ne tarbiyyar da ya ba su, don ya koya musu kara: ka ga abu a hannun ɗan'uwanka, kada ka ƙwace, kada ka matsa masa, jira har ya ajiye. Ya tura fasinja ɗaya na gwaji, ya wuce sumul. Ya tura wani, sumul. Ya miƙe yana taka rawa shi kaɗai a ofis, har ya fara zaɓen hular da zai sa ranar buɗewa.

To, ka san duniya ba ta barin gwani ya sha iska. Ka'idar wurin aikinsu ita ce ba abin da ke fita sai mai gwaji ta taɓa shi, mai gwajin nan kuwa Bazazzagiya ce, abokiyar wasansa, wadda ba ta da abin farin ciki kamar ta ga abu ya fashe. Ba ta tura fasinja ɗaya ba. Gari guda ta ƙirƙira na ƙarya, ta sako su lokaci ɗaya: masu kamawa, masu fasawa, masu sake shawara, kuma rabinsu kujerar gaba suke so. Gwanin namu ya harɗe hannu yana kallon allo, 'yan aikensa na shawagi kamar tsuntsaye, zuciyarsa fes. Sai komai ya tsaya cak. Manhaja ba ta faɗi ba, ba ta yi kuka ba, shiru kawai. Ya leƙa ciki, ga su nan su biyu a kan kujerar gaba: wannan ya riƙe kujera yana jiran hatimi, wancan ya riƙe hatimi yana jiran kujera, kamar surukai a gaban kwanon tuwo, kowa na jiran wani ya fara sa hannu har miya ta sandare. Sauran kuma duk sun tashi daga benci sun yi layi a bayansu cikin ladabi. Benci wayam, fasinjoji na ta taruwa a waje. Matar nan ta rangaɗa guɗa, ofis ya ɗauka.

"Hajiya, wannan ai ba gwaji ba ne, mugunta ce. Wace tasha ce ake shiga haka?"

"Taku ta Kano, ran jajiberi. In aika a auno maka rigar kamasho, Injiniya?"

Ya so ya yi fushi, Allah Ya sani an zalunce shi, amma abin ya yi masa kyau da yawa. Kuskure ne irin na manya, wanda sakarai ba zai ma iya yin sa ba! Ya ja kujera ya zauna. Ya sa doka: kowa hatimi zai fara ɗauka, sannan kujera, wanda kuma jira ya yi masa tsawo ya ajiye abin hannunsa, ya koma benci, ya sake zuwa. Ya ce ta sake sako garin nata, ta ƙara da ƙauyukansu. Ta sako. 'Yan aike suka yi gumi, suka yi karo, amma ba wanda ya sandare. Ta ƙara, suka ɗauke. Ta katse musu layin sadarwa a tsakiyar aiki, suka tashi suka kakkaɓe suka ci gaba. Wannan karon shi ya yi ihun.

Ran jajiberi motoci suka riƙa cika suna tashi ba cacar baki. Gwani ya zaga tasha da sabuwar hula yana gaya wa direbobi cewa da gangan ya bar tarkon don ya auna Bazazzagiya, ita kuwa tana gefe tana dariya, ta bar masa. Sunan Injiniya dai ya tsira. Saboda haka kai ma ɗauki taka ka kai a jijjiga ta, tun hular tana kanka. Hausawa ba su faɗi banza ba da suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.