Masu Bin Mu a Hanyar Ruma

"Inna, me ya sa mutanen can suke bin mu?"

Ɗana Daudu ne ya tambaya, yana zaune tsakanina da ɗan acaɓa. Na waiga. Mutum biyu ne a kan babur, fuska naɗe da rawani, suna ta ɗago mana hannu. Daga Ruma muka taso, kowa kuwa ya san abin da dajin nan ke fitarwa.

"Malam, don Allah ƙara wuta! Da goyo a bayana!"

Ya ƙara, su ma suka ƙara. Suna ihu, iska na kwashe maganar.

Dab da shiga Batsari na ji an fizgi wuyana ta baya. Suka sha gabanmu, muka tsaya dole. Ɗaya ya diro, ya zare wuƙa. Na runtse ido ina salati.

Sai ya yanke bakin hijabina.

"Baiwar Allah, tun ɗazu muke kiranki! Taya ta fara naɗe shi!"

Jaririyata Ramlat tana goye a cikin hijabin, numfashinta da ƙyar.

'Yar'uwa, kafin babur ya tashi, tattare hijabinki ki zauna a kansa. Kada ki bar shi yana reto.