Dogayen Sifiku a Falon Malamin Tuƙi

"Baba, na ɗanka ne ko na jikanka?" in ji mai shagon.

Malamin tuƙi ya shafa sanƙonsa, ya shigar da tumbi iya yadda zai shigu. "Nawa ne."

Mai shagon ya ɗauka farashi ake tambaya, ya shiga faɗa masa kuɗin sifikun. Sai da malamin ya buga ƙirji ya maimaita kafin saurayin ya gane, ya juya baya yana tarin da ba tari ba.

Shi ma malamin ya san abin dariya ne. Mutumin da ke wuni yana ce wa ɗalibai "a hankali, taka birki," mai ciwon gwiwa da ƙwayar hawan jini a aljihu, shi ne tun yana saurayi ba abin da ke ratsa shi kamar kiɗan Turawan nan na rok, jita tana kururuwa, ganga tana dukan ƙirji. Tun da ya yi aure yake jin abinsa ƙasa-ƙasa a 'yar rediyon mota, don matarsa mace ce mai natsuwa, ko cokali ba ta bari ya faɗi da ƙara. Yanzu da furfura ta gama cin gemu ya ce ko sau ɗaya sai ya ji bango ya girgiza. Dogayen sifiku yake so, masu tsayawa a ƙasa, amma daidai ruwa daidai tsaki.

Matar ta biyo shi don kada a cuce shi. Ta zauna a kujerar bakin ƙofa, jaka a cinya, tana ta buga ƙafa a ƙasa. Ya san ta ƙosa.

An gwada masu fitilu, suka yi ƙara kamar gwangwani. An gwada wasu masu jikin katako mai sheƙi, ya ji daɗinsu har ya lumshe ido, da ya ji farashi ya buɗe. Can lungu akwai wasu baƙaƙe marasa fasali, tsayinsu ya kai masa ƙirji.

"Waɗancan ba za su nuna datti ba," in ji matar. "Yaro, ƙure su mu ji, in san irin azabar da zan sha."

Aka ƙure. Gilashin shagon ya hau rawa, amma jitar ta fito tas, ba ta fashe ba. Malamin ya ji hawaye na neman kunyata shi. Ya biya, yana yi wa mai shagon bayanin yadda kunnen masani ke gane kaya.

A gida ya kafa wa kansa doka: ranar hutu kawai, da rana, kuma rabin murya. Matar takan ɗaure kai ta shige kicin ta rufo ƙofa.

Ba a yi nisa ba maƙwabcinsu na ƙasa, wani tsohon ma'aikacin jinya, ya tare shi a matattakala.

"Malam, girma ya kama mu. Kullum da hantsi sai hotunan bangona sun karkace."

"Da hantsi ina wajen aiki."

"To gidanka ba ya wajen aiki."

Mutum ɗaya ne ke zaman banza da hantsi: Dogo, ɗansu, da ke karatun jarrabawar shiga jami'a a karo na biyu. Malamin ya titsiye shi a gaban uwarsa.

"Wallahi Baba ba ni ba ne."

"To aljanu ne?"

Dogo ya dubi uwar, uwar ta dubi tsintsiya. 

"Ka faɗi jarrabawa, ka hana maƙwabta sakat, ga ƙarya. Ni ban haifi maƙaryaci ba."

"Baban Dogo, a bar maganar nan haka," in ji matar a hankali.

Ba a bar ta ba. Dogo ya daina cin abinci tare da shi. Gaisuwa ta koma daga nesa. Malamin ya riƙa kallon sifikun nan biyu tsaye a falo kamar 'yan sandan da suka zo kama shi, yana ce wa kansa: tsoho da kai, ka sayo fitina da kuɗinka, har da ciniki. Maƙwabcin ya sake yin magana, wannan karon da zancen mai gidan haya a ciki.

Ya yanke shawara zai mayar da su, ko da asara. Amma kafin nan yana so ya kama yaron dumu-dumu, don a san wanda ya yi ƙarya.

Wata safiya ya sallami ɗalibarsa da wuri, ya ajiye motar koyo a bayan layi, ya tako da ƙafa. Tun daga bakin titi ya ji gangar a haƙoransa. Waƙar da ya fi so ce, an ƙure ta yadda shi bai taɓa yin ƙarfin halin ƙurewa ba. Abin haushi, sai ya kama kansa yana gyaɗa kai.

Ya hau bene yana dafa gwiwa. A matakalar ƙarshe ya tarar da mutum zaune, littafi a cinya, auduga a kunnuwa biyu.

Dogo ya ɗago ya dube shi. Ya matsa gefe ya ba shi hanya.

Malamin ya tura ƙofa. A tsakiyar falo, ido rufe, ɗankwali a ƙasa, sandar goge-goge rungume a ƙugu kamar jita, Maman Dogo ce ke bin waƙar baiti-baiti, ba ta kuskure ko kalma ɗaya.