Baitin da Ba a Ɗauka Ba

Shekara biyu ke nan da kafa dokar dasa wa kowane mawaƙi ƙwayar na'urar shaida a maƙogwaro, don a tabbatar mutum ne ya rera, ba inji ba.

Da hantsi Nafi'u ya shiga situdiyo, sabuwar gambararsa ta zamani na tashi a kowane lungu. Ya tarar da Tasi'u, mai haɗa masa kiɗa, yana karanta sharhin masana.

"Kowa baiti na uku yake yabo, inda kake roƙon mahaifiyarka gafara."

"Oga, ai baiti biyu muka ɗauka," in ji Nafi'u.

Tasi'u bai ɗago ba, ya dai kunna waƙar. Muryar Nafi'u ce ƙasa-ƙasa, tana maimaita abin da ya raɗa a bakin kabarinta ranar Juma'a, shi kaɗai. Har kukan kurciyar maƙabartar an ɗora shi daidai kan kiɗa.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Da tambarin hukuma ya zo. Na ɗauka kai ka turo."

Nafi'u ya buɗe baki zai yi magana, sai ya shafa maƙogwaronsa, inda ƙwayar take sauraro. A hankali ya jawo takarda da biro.