Hoto Mai Lamba Talatin da Ɗaya

Farfesa Warren Lindgren ya sake ƙara girman hoton a kwamfutarsa, ko zai ga ya gyaru. Bai gyaru ba.

Shekara talatin ya yi a Saskatoon ta Kanada yana koyar da abu guda: ƙwaƙwalwar da ta bugu a karo ko faɗuwa takan rage cin sukari, kuma takan daɗe a haka alhali mai ita yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Aikinsa ne ya sa ake hana 'yan wasan hoki na lardin komawa kan ƙanƙara da wuri. Masu horar da su ba sa gayyatarsa cin abinci.

Sai ga lamba talatin da ɗaya. Tana cikin rukunin masu lafiya, waɗanda ake auna majinyata da su, amma gaban ƙwaƙwalwar ya dusashe, alamar ta rage cin sukari. A wani babban taro a Boston ne, da aka nuna hoton, wani baƙo ya ɗaga hannu ya tambaya, cikin ladabi mai zafi, ko masu lafiyar Kanada haka suke. Mutum ɗari huɗu suka zuba masa ido, shi mai binciken. Har yau in Warren ya tuna, kunnuwansa sai su ɗau zafi.

Bayani ɗaya ne: an jefa hoton majinyaci inda ba wurinsa ba. Kuma Dokta Noreen Kowalchuk ce ke kula da na'urar ɗaukar hoton.

Shi bai san sunan kowa ba, kuma shi ya kafa dokar. Mai karanta hoto lamba kawai yake gani, sunaye suna cikin ambulan a hannun kwamitin sa ido. Masu lafiya kuwa wuyar samu gare su, don haka duk wanda ke ginin ya taɓa kwanciya cikin na'urar minti arba'in, a sallame shi da kofi.

Ran Litinin ya tsare Noreen a gaban ɗalibai.

"Ban haɗa su ba, Warren."

"To ƙwaƙwalwar wa ce? Ta barewar da mota ta buge?"

"Ka yi wannan barkwancin da safe," ta ce a hankali. "Kuma ka san ba ni da ikon faɗar suna."

Ya ce mata abin da malami bai kamata ya faɗa ba. Ɗaliban suka duƙufa kallon takalmansu. Da ya koma ofis ya zauna yana murza wuyan hannunsa, wanda bai daina ciwo ba tun faɗowarsa daga tsani bara, wajen share ƙanƙarar rufin gida. Ya yi niyyar ba ta haƙuri. Ya ma rubuta a takarda, takardar ta shiga wani wuri.

Ran Juma'a kwamiti ya zauna. Rahoton tuhumarta na gaban Warren, shafi biyu. In ya sa hannu, aikin Noreen ya ƙare, kuma da wuya wani ɗakin bincike ya sake ba ta makulli. Shekara shida tana tare da shi. Ya kasa kallon ɓangaren da take.

Misis Arcand, sakatariyar kwamitin, ta ajiye ambulan kusa da bironsa.

"Ƙa'ida ce, Farfesa. Ka duba sunan kafin ka sa hannu."

Noreen ta miƙe. "Don Allah a ba shi ɗakin ya buɗe shi kaɗai. Ko a bari na ajiye aikin da kaina, a bar ambulan ɗin a rufe."

To, ga amsa laifi, ya ce a ransa, sai kunya ta kama shi don daɗin da ya ji.

"Zauna, Noreen. A ɗakin bincikena ba a ɓoye sakamako don wani zai ji ciwo."

Ta zauna, ta dafe baki.

Ya yage ambulan ɗin. Takardar amincewa ce, kwanan wata ya dace, lambar na'ura ta dace, babu inda aka yi kuskure. Ya bi layin da yatsa har ƙasa, inda mai lamba talatin da ɗaya ya tabbatar cewa bai taɓa buguwa a kai ba, ya kuma sa hannu da irin rubutun nan mai karkata da ɗalibai suka daɗe suna kuka da shi: Warren Lindgren.