Shaidar Tsohuwar Mata

Wichit ya shimfiɗa takardar saki a kan bencin harabar coci, ya ɗora yatsa a kanta.

“Kesorn, dubi hatimi! Minti ashirin muka yi a ofishin gunduma ni da Malai, kowa ya kama gabansa. Shekara shida ke nan!”

Kesorn ta kalli takardar, ta kalli gumin goshinsa, ta kau da kai. “Yaya, Fada ya ce a wurin coci aurenku yana nan. Sai an bincika kafin a ɗaura namu.”

“Ni mabiyin Buddha ne! Sufayen da suka sa mana albarka ma, shinkafarsu suka ci suka tafi. Na yarda a yi wa ’ya’yanmu baftisma, na haddace addu’o’inku. Me kuma ya rage?”

Ta daɗe tana murza zoben da ya ba ta.

“Malai za ta zo ta ba da shaida a kan zamanku.”

Wichit ya janye yatsansa daga takardar. “Ai ba za ta yarda ba.”

“Na kira ta jiya.” Kesorn ta ɗago ido, ta tsare shi da kallo. “Ta ce a ware mata kwana biyu cur, tana da abin faɗa.”